Yadda aka koya mini bi da sujada a majami'armu ta Gombe

A majami'armu ba a miƙa wa mutum makirufo ranar Lahadi don kawai Allah ya ba shi murya. Dattawan ikilisiya ne ke zama a farkon shekara su fitar da sunayen waɗanda za su riƙa bi da sujada, kuma akwai abubuwan da suke dubawa. An yi wa mutum baftisma? Yana cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu? Ba ya ƙarƙashin horo? In magidanci ne, yaya zamansa da iyalinsa, in kuma saurayi ne, wace shaida ake yi masa a unguwa? Ni magatakarda ne ya tare ni a bakin ƙofa bayan an tashi daga sujadar Hausa, ya ce sunana ya fito, in je in ga Baba ranar Talata da yamma.

Na daɗe ina kaɗa jita a ƙungiyar matasa, na kuma san yadda ake ɗaga waƙa har jama'a su miƙe tsaye. Saboda haka abin da na zata za a koya mini bai wuce wane ke bin wane ba: waƙar buɗewa, addu'a, karatu, ƙungiyoyi, sanarwa, baiko, wa'azi, albarka. Wannan kuwa ko yaron makarantar Lahadi ya haddace.

Baba tsohon malamin firamare ne, mutumin ƙasar Tangale, ya yi ritaya ya zauna a Gombe. Shi ne dattijon da ke kula da tsarin sujada, kuma har yau jan biro ba ya rabuwa da aljihunsa. Na same shi a gindin darbejiya a tsakar gidansa, na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi iyayena da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ɗana, ka jingine jitar nan tukuna. Lahadi mai zuwa ka zauna a benci na ƙarshe, kusa da ƙofa. Kada ka taɓa komai. Ka dawo ka gaya mini wa ke waƙa, wa ba ya yi."

Daga kan dandamali fuskokin gaba kaɗai ake gani, su ne kuwa masu tafi da rawa. Daga baya wata majami'a ce dabam. Jama'armu haɗin gambiza ce: Tangale, Waja, Tula, Tera, Cham, Dadiya, ga Sayawa daga wajen Tafawa Balewa, ga 'yan'uwanmu Hausawa daga ƙasar Kano da Katsina. Hausa ce ta ɗaure mu wuri ɗaya. Da matasa suka juya zuwa gajerun waƙoƙin Turanci, sai na ga benci bayan benci na tsofaffin mata sun naɗe hannu, suna kallo kamar baƙi. Wani dattijo da ke daf da amsa-kuwa ya toshe kunne ɗaya da yatsa, bai cire ba har aka gama. Amma da aka kira lamba daga Littafin Waƙoƙi, matan nan ba su ma buɗe littafi ba, da ka suka ɗauka tun daga baiti na fari har na ƙarshe. Wata a cikinsu idonta a rufe, tana buga cinyarta a hankali.

Da na kai masa rahoto, bai ce komai a kan matasa ba. Ya buɗe 1 Korantiyawa 14 ya sa na karanta aya ta 16, inda Bulus ke tambaya yadda mutum zai ce Amin ga godiyar da bai fahimta ba. Ya ce, "Akwai sujadar Turanci da safe, wanda yake so ya je. Wannan ta tsohuwar nan ce da ta hau Keke Napep daga Tumfure da kuɗin da ta tara na sayar da ƙuli-ƙuli. In ta koma gida ba ta ce Amin ko sau ɗaya da saninta ba, me ta zo yi?"

Daga nan aka shiga aikin takarda, wanda ya fi cin lokaci. Ranar Alhamis za ka nemi mai wa'azi ya ba ka nassin da zai yi magana a kai. Da wannan nassi za ka zaɓi waƙoƙi, ba da wadda ta fi daɗin kiɗa ba. Baba yakan sa in karanta kowane baiti da ƙarfi kamar magana, ba rerawa. Dalilinsa shi ne za ka sa ɗaruruwan mutane su faɗa wa Allah wannan magana da bakinsu, to, ka san abin da kake sa su faɗa. Ba ya kuma yarda a tsallake baiti don a ceci lokaci sai an duba. Sau da yawa baitin tsakiya, wanda ake yawan yankewa, shi ne ke ɗauke da zancen gicciye, sai a bar jama'a da farin ciki ba tare da dalilinsa ba.

Karatu kuwa, yakan zauna can wajen zaure, ni ina gindin darbejiya, ba makirufo. In bai ji ba, sai ya ɗaga hannu in sake. Sunaye irin su Mefiboshet da Nebukadnezzar sai na maimaita har harshe ya saba. Ya kuma koya mini in riƙa ba mutane lokaci su buɗe wurin kafin in fara, in kuma ambaci sunan littafin yadda kowa zai gane, domin har yanzu akwai masu riƙe da tsohuwar fassara irin ta 1932, wadda ke cewa Matta da Yohanna, alhali sabuwar tana cewa Matiyu da Yahaya. Shi kansa tsohuwar yake da ita, bangonta an ɗinke da zare.

Addu'ar ikilisiya ma rubuta kanunta ake yi. Ka bi magatakarda da shugabar Zumuntar Mata su ba ka sunayen marasa lafiya, da waɗanda aka yi wa rasuwa, da masu jego, da ɗalibai masu jarrabawa. In damina ce a roƙi ruwa mai albarka, domin rabin jama'armu, ko ma'aikatan gwamnati ne, suna da gona a ƙauye. A yi wa shugabanni addu'a, a yi wa maƙwabtanmu Musulmi, a roƙi zaman lafiya a gari. Duk wata kalma da na cusa don cika baki, jan biro ya bi ta kanta.

Wurin da muka fi daɗewa layi ɗaya ne tak. A saman takardata na rubuta abin da zan buɗe da shi, irin wanda muka saba faɗa a taron matasa: mu ɗaga murya mu jawo kasancewar Allah cikin wannan wuri. Baba ya kewaye shi da ja, ya cire tabarau, ya dube ni.

"Kai da Shi, wa ya riga wani zuwa?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce in buɗe Farawa 28. Yakubu yana gudu daga Isuwa bayan ya karɓe masa albarka da wayo. Dare ya yi masa a hanya, ya ɗauki dutse ya yi matashi. Bai yi waƙa ba, bai yi azumi ba, ko addu'a ba a ce ya yi ba kafin ya kwanta. A nan ya ga tsani, Allah ya yi masa magana, da ya farka ya ce lalle Ubangiji yana wurin nan, shi ne dai bai sani ba. Ya sa wa wurin suna Betel. Baba ya ce, "Ka gani? Abin da ya sake shi ne sanin Yakubu. Allah yana nan tun kafin ya kwanta." Ya ƙara da Matiyu 18:20, alkawarin Yesu ga mutum biyu ko uku da suka taru cikin sunansa, ya ce a nemo masa inda aka sa sharaɗin ƙarfin murya.

Da farko na ɗauka gyaran lafazi ne irin na tsofaffin malamai. Sai da na yi ta juya maganar na ga inda take kaiwa. Mai bi da sujada da ya yarda cewa shi ne ke sauko da Allah, dole ya matsa wa jama'a. In wuri bai yi zafi ba, sai ya fara faɗa: ba ku karya ba ne, ku tashi, ku yi ihu, wanda bai yi tsalle ba albarkarsa ta wuce shi. Na sha jin wannan, kowa ma ya sha ji. To, gwauruwar da ta binne mijinta watan jiya, wadda da ƙyar ta iya ɗaura zane ta fito, me aka gaya mata ke nan? An gaya mata Allah ya zo wa masu tsalle, ita ya tsallake ta. Wannan ƙarya ce, kuma daga kan bagade aka yi ta. Zabura 34 cewa ta yi Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya. Muka soke layin, muka sa ayoyin farko na Zabura 95 a madadinsa, inda nassi da kansa ke kiran mutane su zo.

Ba a komai na yarda da Baba ba, har yau. Shi ganga ba ta kwanta masa a rai. Yakan ce tun da 'yan mishan na SIM suka kafa tasha a Kaltungo a 1917, iyayensu da suka ba da gaskiya sun bar kiɗan gargajiya ne domin yana tuna musu da wurin tsafi, kuma sun san abin da suka gudo daga gare shi. Yakan kawo annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, da suka yi ta ihu da tsalle tun safe har rana ta yi tsaka ba wanda ya amsa, Iliya kuwa ya yi gajeriyar addu'a wuta ta sauko. Ni kuma nakan ce, "Baba, ku yi haƙuri, Dawuda fa? Ya yi rawa da iyakar ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, wadda ta raina shi ita ce ta ji kunya." Ga Zabura 150 da ganguna da kuge. Kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da matan Zumunta sa'ad da tulu ya fara amsawa, caki na bi, murya ɗaya ta ba da waƙa sauran suka karɓa, ya san ba wasa suke yi ba. Da yawa cikin waƙoƙinsu nassi ne zalla aka sa wa kiɗa, kuma ta nan mata da yawa da ba su yi boko ba suka haddace Littafi. A ganina, tsoron da iyayenmu suka ji gaskiya ne a zamaninsu, amma ikilisiyar da ta tsaya da ƙafafunta tun 1954, lokacin da aka kafa ɗarikarmu ta ECWA, ta isa ta yabi Allah da abin da hannunta ya iya kaɗawa. Inda muka haɗu da shi ɗaya ne: kiɗa ya bi bayan magana, kada ya danne ta. Saboda haka aikin mai bi da sujada ne ya je wurin yaron da ke kan na'ura ya ce a rage, ko da yaron zai ɓata rai. Yakan ɓata kuwa.

Wata Asabar, jajibirin Jibin Ubangiji, na je da takardata don ya duba, sai na tarar yana sa hula. Ya ce in hau bayansa a babur. Muka tafi gidan wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane, dukansu 'yan majami'armu, da suka daina gaisawa saboda iyakar gonar gado. Baba ya zauna tsakaninsu a tabarma. Bai yi wa'azi ba. Ya bar kowa ya fitar da abin da ke cikinsa, har wan ya miƙe zai fita, Baba ya riƙe masa gefen riga ya ce, "Zauna, ubanku abokina ne." Can ya karanta musu Matiyu 5:23 da 24, cewa in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Ba a warware zancen iyaka a ranar ba, an dai yarda kawunsu da mai unguwar ƙauyen su je su duba bayan girbi. Amma ƙanen ya durƙusa ya gai da wansa kafin mu tashi, wan kuma ya amsa, ko da yake fuskarsa na gefe. A hanyar dawowa na ce, "Baba, ba ku duba takardar ba." Ya ce ai tun ɗazu shirin sujadar gobe muke yi, takarda ta jira.

Sashe na ƙarshe na koyon shi ne raka Baba Fasto kai Jibi ga waɗanda ba sa iya fitowa. Wannan ne ya fi zauna mini. Muka je wani gidan haya a Bolari wurin wata tsohuwa da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. A da tana cikin masu ba da waƙa a Zumuntar Mata, yanzu magana ma ba ta fita sosai. Ɗaki ɗaya ne, rufin kwano, ga zafin watan Afrilu irin na Gombe. Maƙwabciyarta, wata Hajiya, ita ta shimfiɗa mana tabarma ta kawo ruwa a kofin silba, ta ce, "Sannunku da zuwa, tun safe take duban ƙofa," sannan ta ja labule ta koma ɗakinta.

Baba Fasto ya buɗe 'yar jakarsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan kujera 'yar tsuguno, ya ɗora gurasa da ƙananan kofuna. Ya karanta 1 Korantiyawa 11 daga aya ta 23. Jikarta ta tallafo kanta. Gutsuren gurasar sai da aka jiƙa shi kafin ta iya haɗiyewa, ɗan abin da ke cikin kofin ma rabi ya bi gefen bakinta, yarinyar ta share da bakin zane. Fasto ya ce in ɗaga waƙa. Muryata ita kaɗai, ba jita, a ɗakin da ake jin rediyon maƙwabta, sai ta yi mini wani iri. A baiti na biyu na lura hannunta mai lafiya yana bugun katifa, daidai kan kiɗa, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Leɓunanta suna bin kalmomin. Da na yi jinkirin shiga baiti na gaba, ita ta riga ni.

Ban ga wani haske ba, ban ji wata murya ba. Abin da zan iya faɗa shi ne tsoro ya kama ni, irin wanda ke sa mutum ya gyara zama, na kuma tabbata a raina ba mu huɗu kaɗai ke cikin ɗakin ba. Matar Samariya ta tambayi Yesu ko a kan dutsensu za a yi sujada ko a Urushalima, ya ce mata lokaci na zuwa da ba wannan ba wancan, Uba yana neman masu yi masa sujada cikin ruhu da gaskiya. Na sha karanta Yahaya 4, amma gani ya kori ji.

Lahadin da aka fara ba ni bagade, komai ya tafi daidai. Sujadar Turanci ta ɗan ci mana lokaci, muka fara a makare. Na karanta Zabura 95, na kira lambar waƙa sau biyu, na jira har shafuka suka daina ƙara. Na bar ɗan shiru kafin addu'ar furta zunubi kamar yadda aka koya mini, ko da yake shirun ya yi mini tsawo har gumi ya keto mini. 'Yan ƙungiyar Sabon Rai suka yi waƙa, mawaƙa suka yi, Zumuntar Mata suka yi. Ni kuwa idona na kan agogon bango da takarda, ina lissafin wa zai biyo baya, ina yi wa yaron na'ura alama. Aka sa albarka aka tashi, ban ji komai ba. Zuciyata a bushe ƙamas.

Na gaya wa Baba haka ranar Talata, ina jin kamar wani abu ya ɓace mini. Ya yi murmushi ya ce, "Ka taɓa ganin mai tuƙa tuwon biki ta zauna ta ci da zafinsa? Hayaƙi take sha. Amma in ba ta da inda take ci, wata rana za ta faɗi a bakin murhu." Ya ce ji yana zuwa yana tafiya, yakan bi barci da yunwa da abin da ke aljihu, alkawarin Allah kuwa ba ya bin waɗannan. Amma ya kafa mini doka: in riƙa zuwa addu'ar safe a ranakun mako, inda ba ni ke bi da komai ba, in zauna a benci kamar kowa, wani ya karanta ni in saurara. Mutanen da ke zuwa ba su da yawa, galibi tsofaffi ne da 'yan kasuwa masu sammako da ma'aikatan jinya da suka sauko daga aikin dare. A nan ne, ba ranar Lahadi ba, nake yawan samun abin da na samu a ɗakin tsohuwar nan, ba kuma kullum ba.

Yanzu sunana na cikin jadawali, ana juyawa da ni da sauran. Abin da ke gabanmu shi ne sanarwa, wadda wani lokaci takan fi wa'azi tsawo: ɗaurin aure, kuɗin gini, taron gunduma, wanda ya tsinci makulli. Mun kai wa dattawa shawara a riƙa liƙa yawancinta a allo a bakin ƙofa, a kuma tura ta WhatsApp, a bar ta rasuwa da ta marasa lafiya kaɗai a faɗa da baki. Sun yarda da rabi. Magana ta biyu ta fi wuya, wato kiran sunan mutum da adadin abin da ya bayar ranar godiyar kaka, ana tafa wa mai buhu goma, mai kwano ɗaya na masara kuwa ta ajiye nata da sauri ta koma. Ni da Baba muna gefe ɗaya a kan wannan, mun kawo Markus 12 da gwauruwa mai anini biyu. Ma'aji ya ce in aka daina kiran suna baiko zai ragu, rufin majami'a kuma yana yoyo, wannan ma gaskiya ne. An ɗage maganar zuwa zaman dattawa na wata mai zuwa, an ce in zo da shawarata a rubuce.